Yadda Ake Karanta Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a ta Jihohi a Zaɓen Shugaban Amurka

Duk shekarar zaɓe a Amurka, da an shiga watan Satumba, kusan kullum sai ka ji a rediyo cewa wane ya ba wane tazarar maki kaza a jihar kaza. Mai sauraro sai ya ɗauka magana ta ƙare, har a kama musu a majalisa. Alhali alƙaluman nan suna da hanyar karantawa, wanda kuma bai san ta ba, ranar zaɓe zai sha mamaki.

Mataki na farko: ajiye ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙasa baki ɗaya, ɗauki ta jiha. A Amurka ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke ba mutum mulki ba. Akwai wakilai 538 da aka raba wa jihohi da babban birnin ƙasar, Washington, wanda ya samu 270 shi ne shugaba. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya ci jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, ya kwashe wakilanta kaf. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku a faɗin ƙasa, amma ta faɗi, saboda ya tsere mata da ƙasa da ƙuri'a 80,000 a jihohi uku: Michigan da Pennsylvania da Wisconsin. Don haka kada ka ɓata lokaci a kan California ko Texas, an san inda suka dosa. Nemi jihohin da ba su da tabbas. A 2024 bakwai ne: waɗancan ukun, sai Georgia, North Carolina, Arizona da Nevada, wakilansu 93.

Mataki na biyu: duba wanda ya yi aikin da wanda ya biya. Akwai na jaridu da jami'o'i, kamar haɗin gwiwar New York Times da jami'ar Siena, ko Quinnipiac, ko Marquette da ke Wisconsin. Akwai kuma wanda kwamitin yaƙin neman zaɓen ɗan takara ya ɗauki nauyi. Wannan na biyun, ka saurare shi kamar yadda kake sauraron dillali yana yabon hajarsa, domin sai wanda ya yi musu daɗi suke fitarwa.

Mataki na uku: nemi adadin mutanen da aka tambaya da gejin kuskure, wato makin da sakamakon zai iya kauce wa gaskiya da su. Galibi a ƙasan rahoton ake rubuta su da ƙananan haruffa. Idan mutum 600 aka tambaya, gejin kuskuren maki 4 ne sama ko ƙasa. Idan 1,000 ne, wajen maki 3. A ce an ba ka sakamako: wane kashi 48 cikin ɗari, wance kashi 46, daga mutum 600. To 48 ɗin nan zai iya zama 44, zai iya zama 52. Haka ma 46 ɗin. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa, gejin kuskurenta ya kusan ninka na mutum ɗaya. Kenan mai kanun labarin da ya rubuta "wane ne kan gaba" ya zaƙe. Kankankan suke.

Mataki na huɗu: tambayi su wa aka tambaya. Nan gizo ke saƙa. Mai sayen masara ba ya yarda da ta bakin buhu, hannu yake cusawa har ciki, don ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. A 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Yawa ba shi ne ba. Sunayen da ta bi daga kundin masu tarho da masu mota ta samo da yawansu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya.

Ciwon bai warke ba har yau, kama kawai ya sauya. Cibiyar bincike ta Pew ta ce masu amsa tambayoyinta ta waya sun ragu daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. Kuma masu digiri sun fi yarda su amsa. A 2016 masu binciken jihohi da dama ba su daidaita lissafinsu da matakin ilimi ba, wato ba su ba masu digiri da marasa digiri kaso gwargwadon yawansu a cikin jama'a ba, sai muryar farar fata marasa digiri, waɗanda suka fi son Trump, ta yi ƙasa. Binciken Marquette na ƙarshe ya ba Clinton tazarar maki 6 a Wisconsin. Ita ma dai ta saki jiki, ko sau ɗaya ba ta taka jihar don kamfe ba bayan ta zama 'yar takara. Trump ya ci da tazarar da ba ta kai maki ɗaya ba. Saboda haka duba ko an ce an daidaita da ilimi, da shekaru, da launin fata. Duba kuma ko masu rajista ne kawai aka tambaya ko waɗanda ake kyautata zaton za su fita; idan zaɓe ya matso, na biyun ya fi amfani.

Mataki na biyar: kwanan wata. Ranar da aka yi tambayoyin za ka duba, ba ranar da aka buga ba. Ka kuma haɗa kason 'yan takarar biyu. Abin da ya rage kafin ɗari, na ƙananan jam'iyyu ne da waɗanda ba su yanke shawara ba. Idan ragowar ta fi tazarar girma, da sauran rina a kaba.

Mataki na shida: kada ka rataya a kan guda ɗaya. A Oktoban 2020 binciken ABC da Washington Post ya ba Joe Biden tazarar maki 17 a Wisconsin. Da ƙuri'a dubu ashirin da 'yan kai ya tsira. A 2024 Ann Selzer, wadda ta yi suna wajen dacewa a Iowa, ta ce Kamala Harris na da 47, Trump 44. Trump ya ci jihar da wajen maki 13. Tara bincike biyar ko shida na makonni biyun da suka wuce, ka fitar da matsakaicinsu, ko ka duba shafin RealClearPolitics da ke wannan aikin. Sai dai ni ko matsakaicin ba na sakankancewa da shi, domin idan masu binciken suka kuskure, galibi gefe ɗaya suke kuskurewa tare: irin mutumin da ya ƙi ɗaga waya a Michigan, shi ne ke ƙin ɗagawa a Pennsylvania. A 2024 alƙaluma sun nuna jihohin nan bakwai kusan kunnen doki, ga shi kuwa Trump ya kwashe su duka, ya tashi da wakilai 312, Harris 226.