Kafin ka rubuta cewa huhun nan na da ciwo

Kowace shekara sababbin ɗalibai na zama gaban maikiroskop da silaid ɗin huhu (siririn yankin huhu a kan gilashi), kuma inda na bara suka yi tuntuɓe nan na bana ke yi.

Mafi muni shi ne ɗora wa lafiyayyen huhu ciwo. Da zarar an buɗe ƙirji, huhu sacewa yake yi. In aka yanko shi aka jefa a fomalin (sinadarin hana nama ruɓewa) a haka, 'yan jakunkunan iska sai su manne da juna, bango biyu ko uku su haɗu su yi kama da bango ɗaya mai kauri. Nan take ɗalibi zai rubuta namoniya, wato ciwon kumburin huhu. Wannan ya taɓa cinye mana aikin zango guda. Wani ɗalibina ya ba ɓeraye magani, ya zo da murna wai maganin ya kumbura musu huhu. Da muka duba na ɓerayen da ba a ba komai ba, sai ga shi duk kanwar ja ce. Kuɗin dabbobi da na sinadarai suka bi ruwa. Tun daga nan ba na karɓar huhun da ba a ɗura wa fomalin ta maƙogwaro ba, a hankali, har gefunansa su miƙe, a ɗaure da zare, ya yi aƙalla awa 24 a ciki. Na ce a hankali! Mai gaggawar danna sirinji zai yayyaga bangon, gobe kuma ya ce ya gano emfisima, ciwon da ke lalata bangon jakunkunan iska.

Masu ɗauko huhun akuya daga mahauta, ku ma ku ji. Wajen yanka, jini kan bi maƙogwaro ya gangara cikin jakunkunan iska. Ba ciwo ba ne, aikin wuƙa ne.

Sai rikita bronkus da bronkiyol, wato babbar hanyar iska da ƙaramar. Haba jama'a, ku nemi guringuntsi mana! Akwai shi a bango, bronkus ne. Babu, bronkiyol ne, wanda a mutum faɗinsa bai cika wuce milimita 1 ba. Amma ɓera ba shi da guringuntsi a hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa, don haka a fara tambayar wace dabba aka yanka.

Ƙwayar halitta nau'i na 1 ta shimfiɗe kusan kashi 95 cikin 100 na bangon jakar iska, amma don siranta da ƙyar ake ganinta. Dunƙulalliyar da ke maƙale a lungu ita ce nau'i na 2, mai yin safaktan, ruwan da ke hana jakar iska mannewa. Wadda ke yawo sake a tsakiyar jaka, sau da yawa da baƙin ɗigo na hayaƙi ko ƙura a cikinta, makrofej ce, mai haɗiye datti da ƙwayoyin cuta.

A fara da ƙaramin gilashin maikiroskop na 4 kafin a tsallaka na 40. Kuma kada wanda ya sake kawo mini huhun kaza yana neman jakunkunan iska irin na akuya, tsuntsu ba shi da su.