Yadda Ake Haɗa Waƙa da Kaɗa Bas a Kiɗan Jaz

Esperanza Spalding, haifaffiyar Portland a Amurka a 1984, ta fara da gogen Turawa tun tana 'yar shekara biyar, sai wajen shekara 15 ta koma kan babban bas na tsaye, wato ƙaton goge mai kaurin sauti da ake kaɗawa a tsaye. Tana da shekara 20 ta zama malama a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, a 2011 kuma ta ci kyautar Grammy ta gwarzon sabon mawaƙi, karo na farko da mai jaz ya ɗauke ta. Abin da ya fito da ita shi ne tana rera waƙa hannunta na kan bas, kowanne na bin hanyarsa. Makaɗin gurmi ma yana waƙa yana kiɗa, amma galibi salo ɗaya yake maimaitawa. A jaz kuwa bas na sauya sauti kusan kowane bugu. Wahalar ke nan.

Fara da tsayuwa. Ka ja ƙarfen ƙafar bas har inda tsirkiyoyi suka fara a saman wuya ya zo daidai girarka. Ka jingino shi jikinka, kada kai ka sunkuya masa, don wanda ya sunkuya ya matse cikinsa, numfashi ba zai kai ƙarshen baiti ba. Tsirkiyoyi huɗu ne: E, A, D, G. Ka ja su da gefen yatsan manuniya, inda tsoka ta fi kauri. Makonnin farko yatsa zai yi bororo. Kada ka daina, ka dai rage lokacin atisaye har ya yi kanta.

Ka ɗauki kiɗan bulus (blues) mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, ka sa metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, a bugu 60 a minti. Da farko ka kaɗa tushen kowane kod (sautukan da ake kaɗawa tare) kawai, sau ɗaya a farkon gaɓa, kana faɗin kalmomin waƙar da baki ba tare da rerawa ba. In ya zauna, ka koma sau biyu, a bugu na 1 da na 3, sannan huɗu cur, wato tafiyar bas da jaz ya dogara a kai. Sai a nan za ka sa murya.

Inda kowa ke tuntuɓe shi ne wurin da murya ke shiga tsakanin bugu biyu. Hannu sai ya bi baki, ya riga lokaci, kiɗan ya karkace. Maganinsa takarda: ka rubuta layin murya a sama, na bas a ƙasa, ka ja layi a duk inda suka faɗi tare. Wuraren da ba su haɗu ba, ka ware gaɓa biyu kawai ka yi ta maimaitawa a bugu 40 ko 50. In ka yi sau biyar a jere ba kuskure, ka ƙara bugu huɗu a minti. Gaggawa a nan ɓata lokaci ce, domin hannu kuskuren zai haddace.

Matsala ta biyu ba a cika lura da ita ba. Wuyan wannan bas ba shi da ƙarafan da ke raba na jita, kunne ne ke nuna wa yatsa wurinsa. Da ka fara waƙa, kunne sai ya koma kan murya, yatsu su zame kaɗan. Ka zaɓi makulli, wato sautin da aka gina waƙa a kansa, wanda ke amfani da tsirkiya a sake, kamar G ko D, don ka riƙa gwada kanka da su, kuma ka ɗauki atisayenka a waya ka saurari bas ɗin shi kaɗai.

Akwai kuma atisayen rera abin da hannu ke kaɗawa daidai wa daida. Slam Stewart, makaɗin bas na jaz a Amurka, ya yi suna da haka, yana goga bas da baka yana rera sautin da murya a sama da shi. Minti goma a rana sun isa.

A dandali, ka nemi sandar makirfo mai lanƙwasa, ta shigo ta gefen damanka don kada ta taɓa wuyan bas. Lasifikar bas kuma kada ta fuskanci makirfo ko cikin bas ɗin, in ba haka ba katakon zai kama sautin ya fara gunji.