Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura noradirenalin

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kulawa ta musamman ya san wannan lokacin: jinin majinyaci ya faɗi, hannu ya yi sanyi, fitsari ya ɗauke, likita ya ce a ɗaura noradirenalin. Aikin maganin shi ne ya matse jijiyoyi jini ya tashi. Yana kamawa nan take, kuma cikin minti biyu rabinsa ya bar jiki. Yawancin kurakuranmu daga manta wannan suke fitowa, muna ɗaukarsa kamar ƙarin ruwa na yau da kullum.

Na farko, matse jijiyar da babu komai a cikinta. Matar da ke zubar da jini bayan haihuwa, jini take bukata, a kuma tsayar da zubar. Mai amai da gudawa, ruwa. Ga wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ka'ida ita ce ruwa mililita 30 ga kowane kilo cikin awa uku na farko. Sai dai akwai kishiyar wannan kuskuren: a yi ta ɗura ruwa leda bayan leda, ana tsoron maganin, har huhu ya cika. In an ba da ruwa jinin bai motsa ba, a fara.

Jiran sai an sa kanula, wato siririyar robar da magani ke bi ya shiga jijiya, a babbar jijiyar wuya ma ɓata lokaci ne. Ka'idojin 2021 na kula da waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu sun yarda a fara ta hannu na ɗan lokaci, a jijiya mai kauri, a gwiwar hannu ko sama da ita. Ban da bayan tafin hannu. A riƙa duba wurin akai-akai. Idan fata ta yi fari, ta yi sanyi, ta kumbura, maganin ya tsiyaye a nama, kuma naman zai iya mutuwa. A tsayar, a koma wata jijiyar, a yi allurar fentolamin, maganin da ke buɗe jijiyoyi, a kewayen wurin kafin awa 12.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanke layi, wato robar da magani ke bi zuwa jijiya. Na taɓa ganin wata sabuwar nas, da kyakkyawar niyya, ta tura ruwan gishiri da sirinji ta layin da maganin ke bi. Duk abin da ke kwance cikin robar ya faɗa jiki lokaci guda. Kafin mu juya jini ya haura 200, zuciya sai dukan uku-uku take. Allah ya taimaka ya sauka. Shi ya sa maganin nan ke da layinsa shi kaɗai, a manna masa takarda a rubuta suna ɓaro-ɓaro. Kada a haɗa shi da bikabonet, maganin rage tsamin jini, kada kuma a ɗaura awon jini a wannan hannun, don duk matsawa tana tsayar da shi.

Sai lissafi. Miligiram 4 cikin mililita 250 yana ba da maikirogiram 16 a kowace mililita. Mai kilo 60 da aka rubuta wa maikirogiram 0.1 ga kowane kilo a minti zai samu mililita 22.5 a awa. Mutum biyu su lissafa, kowa da kansa. Kuma a haɗa leda ta gaba tun wannan ba ta ƙare ba, a tabbata batirin na'urar ɗiga magani na da caji, ka san halin wutarmu.

Wasu kuma lambar sama ta awon jini kawai suke kallo. Abin bi shi ne matsakaicin awo: lambar sama, a ƙara ta ƙasa sau biyu, a raba uku. Awon 85/50 ya ba da 62, alhali 65 ake nema. Neman wuce haka da nisa wahalar da zuciya ne kawai. In jini ya daidaita, fitsari ya dawo, majinyaci ya fara gane mutane, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana aunawa, kada a kashe farat ɗaya.