Yadda Ake Karanta Rubutu a Zaman Marubuta

Masu yawan tambayata yadda ake karatu a zama irin na ƙungiyar marubuta ta Najeriya (ANA) reshen Kano, ga shi:

1. Zaɓi gajeren labari ko waƙa ɗaya. Shafi 2 ya wadatar.
2. Karanta da babbar murya a gida, kana duba agogo.
3. Bi rubutun ka gyara ƙ, ɗ da ɓ. A kula: na ga inda "ƙaya" ta zama "kaya", zaure ya kwashe da dariya.
4. Buga kwafi kamar 10 domin masu sharhi.
5. Je da wuri ka ba da sunanka.
6. Yi sallama, faɗi taken rubutun. Nan ake ɓata lokaci: ban da dogon sharar fage.
7. Karanta a tsanake.
8. Rubuta gyaran da aka yi maka, ko da ya yi zafi. Kada ka katse mai sharhi.