Darasi na 7: Yadda za ku dawo da fakej ɗinku bayan kun sa sabuwar Python

Mutum zai sa sabuwar Python, ya buɗe aikin da yake yi jiya-jiya, kawai sai ta watso masa jan rubutu wai ModuleNotFoundError, babu fakej ɗin numpy, babu na requests, hankalinsa ya tashi yana ganin komai ya goge. Ba abin da ya goge. Kowace Python da rumbunta, wata folda ce ana kiranta site-packages, to abin da kuka zuba wa Python 3.10 ita 3.12 ba ta ma san da zamansa ba.

Shi ya sa tun kafin ku taɓa tsohuwar za ku buɗe taminal ku rubuta:

python -m pip freeze > requirements.txt

Ku buɗe fayil ɗin ku gani da idonku. Layi-layi ne, kowanne da sunan fakej da lambarsa, kamar requests==2.31.0. Ku ajiye shi inda ba zai ɓace ba. Idan kun gama sa sabuwar sai ku shiga foldar da fayil ɗin yake ku rubuta:

python -m pip install -r requirements.txt

Dole akwai intanet fa, don pip, manhajar da ke zuba fakej, daga PyPI take saukowa da su, wato rumbun fakej na Python a intanet. Kuma ni dai ban yarda a rubuta pip tsurarta ba, in akwai Python biyu a kwamfuta sai ta zuba kaya a wadda ba ita kuke nufi ba, amma python -m pip tana zubawa ne a Python ɗin da kalmar python take buɗewa a taminal ɗinku. Masu Windows za su iya cewa py -3.12 -m pip.

Inda ake yawan maƙalewa shi ne waɗannan lambobin na bayan ==. Suna nufin wannan sigar kaɗai, ba wata ba, alhali tsohon fakej ba lallai ya zauna da sabuwar Python ba, misali a 3.12 da ta fito a 2023 an cire distutils, wani ɓangaren Python da ake haɗa fakej da shi, gaba ɗaya, tsofaffin numpy suka riƙa ƙin hawa, sai daga 1.26 abin ya daidaita. In kun ga wani layi ya turje, ku goge == da lambar, ku bar sunan kawai, pip za ta nemo wanda ya dace.

Aikin gida: ku rubuta python -m pip list --not-required, ku kwatanta da abin da freeze ta ba ku. Wanne ya fi tsawo, kuma me ya sa?