Yadda zaka toshe ɗan ɓantaren fenti a motarka kafin tsatsa ta shiga

Duk wanda ya taɓa bin bayan tifa mai ɗauke da tsakuwa ya san ƙarar nan, tas! sai ka sauka ka duba bonet ka ga fenti ya ɓantare kamar ƙwayar dawa. Yawancinmu sharewa muke, alhali damina ɗaya ta isa tsatsa ta shiga ta riƙa ci ta ƙarƙashi har fentin ya kumbura, aikin da tsinken sakace zai yi sai ya koma na fanel bita.

Fara duba zurfin wajen. Fentin mota hawa uku ne, firaima a ƙasa, kala a tsakiya, sai kiliya mai sheƙin nan a sama. In har yanzu firaima na nan to aiki ya zo da sauƙi, in kuma ƙarfe kake gani tsirara dole a fara sa firaima. Bamba yawanci roba ce bata tsatsa, wannan ba gaggawa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne kala. Kar ka je kace a baka "fari" kawai, fari kala-kala ne wallahi. Buɗe ƙofar direba akwai sitika a jikin ginshiƙin, a Toyota zaka ga C/TR, lambar da ke biye ita ce ta fenti, misali 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 silba. Amma motocinmu 'yan Kwatano da yawa an sake masu fenti, ga ranar Arewa tana koɗar da kala, don haka ni na fi yarda ka cire murfin tankin mai na waje, mai fentin motar, ka kai wa masu haɗa fenti su gwada a kai. Ɗan kaɗan zaka saya, ko cikin murfin kwalba ya isa, ka haɗo da kiliya da firaima.

Wanke wajen da ruwa da sabulu, ya bushe, ka goge da sifirit don maiƙo da folish su fita. In akwai tsatsa kankare ta da bakin reza ko ɗan guntun samfefa, cikin ramin kawai, kar hannu ya zarce.

A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. In ƙarfe ya ɗau zafi fentin bushewa yake tun bai kwanta ba, ranar da hazo ya sauko kuma ka haƙura, ƙura zata manne. Girgiza fentin sosai musamman mai ƙyalƙyali, sannan ka ajiye burushi, ɗauki tsinken sakace ka dangwalo ɗigo ɗaya ka taɓa tsakiyar ramin ka barshi ya bazu da kansa. Cikawa ake ba shafawa ba. Jira kamar minti 30 ka ƙara wani ɗigon, sau biyu ko uku, ka tsaya kafin ya kai baki don kiliya ta samu wajen zama. Washegari ka ɗiga kiliyar ta ɗan tasa kaɗan, don in ta bushe lotsawa take.

Bayan kwana biyu zuwa uku in tudun ya dame ka, jiƙa samfefa mai lamba 2000 ka goga a hankali da ruwa sannan ka bi da folish. In baka saba ba bar wannan matakin, kiliyar kamfani siririya ce nan da nan zaka cinye ta.

A fari da baƙi gyaran yana sajewa sosai, silba kuwa duk ƙwarewarka in an matso za a gane. In ɓantaren ya kai faɗin farce ko tsatsa ta riga ta kumbura fentin, kai wa mai fenti. A gaya wa yaran wankin mota kar su matsa ruwan inji a wajen sai bayan sati ɗaya.