Bambar ƙarfe ta danne gaban Hilux: kurakuran da aka fi yi wurin gyara

Masu Hilux da yawa kan cire bambar kamfani su ɗaura ta ƙarfe, ko ta kanti ko wadda mai walda ya haɗa, wani har da injin jan mota a gaba. Ba a jimawa sai gaban motar ya sunkuya. In an taka birki ta duƙa, in ta faɗa rami a ji ƙara daga ƙasa. Daga nan ake fara ɓarnar kuɗi.

Abu na farko da akan ce shi ne, "Shokazoba ce ta mutu, a canza." Sai a je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo sabuwa, a ɗaura, mota kuma tana nan yadda take. Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta hana mota tsalle-tsalle bayan ta taka rami. Sifirin ne ke riƙe da nauyi. Wanda kamfani ya sa kuwa an auna shi ne da bamba marar nauyi. Ta ƙarfe takan kai kilo 50 ko fiye, injin ja ya ƙara wajen kilo 30. Kuma duk suna zaune ne can gaba da tayoyi, kamar mutum ya riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe: abin da ke sauka a kan tayoyin gaba ya fi nauyin bambar kanta, baya kuma ya ɗan sake. Saboda haka a ɗora bambar a sikeli kafin a ɗaura ta, a nemi sifirin da aka yi don wannan nauyin, tare da shokazobar da ta dace da shi. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 suna rarraba sifirinsu ne bisa kilon da aka ƙara wa mota.

Wasu kan bi hanya mai araha, a cusa zoben roba ko na ƙarfe a saman sifirin. Mota za ta miƙe, ido ya ga kyau, amma ƙarfin sifirin bai ƙaru ko kaɗan ba. Haka abin yake a wasu tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu na kafin 2005, waɗanda sandar ƙarfe mai murɗawa ke riƙe da gabansu. Bakanike ya ɗaure notinta har ƙarshe, gaba ya ɗago, sai taya ta rasa sararin sauka, mota ta riƙa dukan mutum a hanyar burji. Ɗan ɗauri kaɗan ba laifi. In nauyin ya yi yawa, sandar da ta fi kauri ake nema.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su ce a sa musu mafi ƙarfi a kasuwa. Sifirin da ya fi ƙarfin kayan da ke kansa ba ya lanƙwasawa, taya ta riƙa tashi daga ƙasa, ba daɗin tuƙi ba riƙon hanya. Tsawon ma da iyaka. Idan ɗagawar ta zarce santimita 5 ko makamancin haka a Hilux ta 2005 zuwa yau, shaf ɗin gaba (sandar da ke juya taya) da bol-join (gaɓar da ke riƙe taya) suna aiki a karkace, robar shaf ta yage, ƙura ta shiga. Tef ɗin awo na tela ya isa a gane inda ake: a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi kafin a sa bamba, a rubuta, bayan gyara a nemi komawa kusa da wannan awon.

Sai ƙananan abubuwa da ake raina su. Ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Notocin bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota) kuma sai mota ta sauka daga jak ta tsaya da ƙafarta ake ɗaure su tamau, in ba haka ba robar na zama a murɗe ta tsage da wuri. A tabbata bakanike na da abin matse sifirin, don in ya kuɓuce yana iya raunata mutum. Bayan an gama a kai a saita tayoyi, a daidaita fitilu kada su kashe wa masu tahowa ido.

Ita bambar ma a dube ta. Kada ta toshe wa lagireto iska, ga zafin bazara irin namu, kuma a motar da ke da jakar iska, bambar da aka liƙa wa shasi da walda na iya sauya lokacin da jakar za ta buɗe in an yi karo.